Ƙarshen damana a gidan tela: tumu, sauro da kayen lakol

Idan marka ta wuce, hatsi ya fitar da kai ya fara nuna, sai a shiga kwanakin da manoma suke kira agajeri: hadari ya haɗu da marece ya watse ba ruwa, rana ta yi zafi kamar bazara ta dawo, sauro kuwa ya cika ɗaki. A cikin waɗannan kwanaki ne babban hutun ƴan lakol yake ƙarewa. Mai gona yana duban sama, mai ƴaƴa yana duban aljihu. Ga yadda makonnin ƙarshe na hutu suke wucewa a wani gida na unguwar Zariya, cikin birnin Maraɗi.

Gidan na wani tela ne mai ɗan shago kusa da babbar kasuwa, da matarsa mai tuyar awara a ƙofar gida, da ƴaƴansu biyar. Ba za a faɗi sunayensu ba, kuma wannan ba zai dame su ba, domin ko ita uwar gidan ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. In tana son ganinsa sai ta ce wa ƙannensa: «Ku ce wa yayanku ya zo.» In tana labarinsa da maƙwabta sai ta ce «wancan yaron». Shekararsa 17. Mai bi masa mace ce, shekararta 14, sai namiji mai 11, sai mace mai 7, sa'an nan Auta mai shekara 3, wanda har yanzu yake ganin bayan uwarsa nasa ne shi kaɗai.

Dawowa daga ƙauye

Tun farkon watan bakwai, da aka rufe makarantu, aka sa manyan yaran uku a mota zuwa ƙauyen kakansu, can wajen Gidan Rumji. Ana cewa sun tafi gaida kaka. Gaskiyar ita ce tsoho yana bukatar hannuwa a gandu lokacin noman farko da maimai, shi kuma tela yana bukatar a rage masa bakuna uku a watannin da tiyar hatsi take tsada. Kowa ya san haka, ba mai faɗi. Yawancin gidajen Maraɗi haka suke, ƙafa ɗaya a birni ƙafa ɗaya a gona, kuma kalandar makaranta da aka gada daga Faransawa ta kusa dacewa da wannan zama: ana rufewa daidai lokacin da shuka ta tsiro. Inda take kuskure shi ne wajen buɗewa, don farkon Oktoba ba a gama girbi ba, ba a ɗaure damma ba, wake da gujiya suna ƙasa. Shi ya sa kowace shekara sai an yi ja-in-ja tsakanin kaka da uba a kan ranar da yara za su dawo.

Bana sun dawo ranar Juma'a, ranar kasuwa, a bayan motar ƴan hatsi. Sun zo da tumu, da ɗanyar gujiya cikin ƙwarya, da kabewa biyu, da kaza wadda kakarsu ta ɗaure wa ƙafafu ta ce ta Auta ce. Uwar ta amsa gaisuwarsu tana juya awara cikin mai, ba ta ɗaga murya ba, amma idonta ya gama aikinsa kafin su ajiye kaya. Wandon na tsakiya ya haura idon sawu. Ƙafarsa ta yi kaushi ta buɗe, takalmin bara ba zai shiga ba ko da an shafa mai. Budurwar ta sake ɗaurin zane, ta rage dariya, kuma da ƙawayen ƙanwarta suka kira ta wasan gaɗa a ƙofar gida sai ta ce ta gaji. Shi kuwa babban, da ya buɗe baki ya ce «Inna, mun same ku lafiya?», sai ta ji muryar wani mutum dabam a cikin gidanta.

Uban ya fi ta sauƙin gane abin da ya faru, don shi da awo yake aiki. Yana da wani tsohon kaye inda yake rubuta awon masu kawo ɗinki, shafukan ƙarshe kuwa na ƴaƴansa ne. Kowane ƙarshen hutu sai ya tsayar da su ɗaya bayan ɗaya ya auna kafaɗa, hannu da tsawo, ya rubuta ƙarƙashin na bara. Da ya zo kan babban, sai da ya ɗaga hannu sama kafin ya kai ga kafaɗarsa. Ya rubuta, ya rufe kaye, ya ce: «To, ka kamo ni.» Yaron bai yi dariya ba.

Da dare aka hura gawayi aka gasa tumu. Wanda bai taɓa murza tumu mai zafi a tafin hannu ba, ya hure ƙaiƙayin ya watsa a baki, bai san daɗin ƙarshen damana ba. Na tsakiya ya cika tsakar gida da labari: yadda murzuna ta ɓata gefen gonar kaka, yadda ya koyi riƙon hauya, yadda jaki ya kayar da shi gaban ƴan mata. Ƙananan suna ta ƙyalƙyala dariya. Manyan biyu kuwa suna gefe, kai a haɗe bisa salular uban, haskenta a fuskarsu.

Wadda ta wuce shekara biyar

Kwana huɗu da dawowarsu, sai mai shekara 7 ta ƙi cin tuwo. Kafin asuba jikinta ya yi zafi kamar garwashi, tana amai. Babu uwar da take bukatar a gaya mata sunan wannan ciwo a watan tara. Ruwan da ya kwanta a kududdufai da ramukan tubali tun marka shi ne yake ƙyanƙyashe sauro, saboda haka masassarar cizon sauro ba ta kai ƙarfinta sai damana ta doshi ƙarewa. A Satumba da Oktoba ne gidajen likita suke cika har a shimfiɗa tabarmi a waje.

Akwai wani abu da iyaye da yawa ba su lura da shi sai ya same su. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Tun 2013 kuma aka fara rabon maganin rigakafin masassara na damana, wanda ma'aikata suke bi gida gida suna bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, a sha kwana uku a jere. Auta ya sha nasa, da kuka da tofarwa, kuma shi ne yake kwana da uwarsa cikin sange mai kyau. Ita kuwa yayarsa ta wuce shekarun, ba ta cikin masu karɓar rigakafi, ba ta cikin masu kyauta, kuma sangen da take kwana ciki da ƴar uwarta yana da huda uku waɗanda aka ɗaure da tsumma. A gidan tela ne fa.

Uwar ta goya ta, duk da ƙafafunta suna kaiwa gwiwa, ta kai ta likita. Aka tsaga yatsa aka gwada, aka rubuta magani. A 2024 an rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocin gwamnati, abin da ya sauƙaƙa wa talaka ƙwarai, amma takardar magani tana nan da nauyinta in ba a samu abin da aka rubuta a wurin ba. Kuɗin da aka biya a farmasi daga cikin na kayen lakol aka zare su. Yarinyar ta tashi bayan kwana biyar, ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru, ta nemi a ba ta fura. A daren nan uban ya ɗauko sangen ya zauna bakin kekensa ya ɗinke hudojin, ba wanda ya ce masa komai.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Karatun firamare a makarantar gwamnati kyauta ne a bisa takarda. Abin da ba kyauta ba shi ne duk abin da yaro yake riƙewa a hannu ko yake sawa a jiki: kaye, biki, kirayon, allo da alli, jaka, takalmi, tufafi, kuɗin kwamitin iyaye, da ƴan kuɗin kalaci na kowace safiya. Mai ɗa ɗaya ba ya jin nauyin. Mai huɗu a makaranta, biyu daga cikinsu a koleji inda kowane mushe yake son kayensa dabam, shi ya san abin da ake nufi da watan goma.

Uwar gidan ta fara shirin tun azumi. Tana cikin ƙungiyar asusu ta mata ashirin da wani abu, masu taruwa kowace Laraba a zauren wata dattijuwa, kowa ta zuba abin da aka yanke cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam dabam. Wannan tsari da ake kira Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Bambancinsa da adashi na gargajiya shi ne mace tana iya karɓar rance daga akwatin ta mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen zagaye a fasa a raba har da riba. Matan wannan zaure sun yi wayo: da can suna fasa akwati gab da Sallah, kuɗin su tafi a atamfa da lalle, shekara uku ke nan suka mai da ranar fashi zuwa tsakiyar Satumba. An yi gardama kafin a yarda, har wata ta fita.

Da kasonta a ƙulle a bakin zane ta shiga kasuwa ranar Litinin, budurwar tana biye da ita riƙe da takardar kayan da ake bukata, ita take karantawa domin uwar ba ta yi boko ba. A nan lissafi iri biyu ya haɗu. Ɗiyar tana karanta farashi da tamma kamar yadda aka koya mata a aji, uwar tana mayar da shi dala a kanta, tana raba kowane adadi da biyar, kuma ita take riga gamawa. Kayan Maraɗi yawancinsu ta Katsina da Jibiya suke shigowa, ko kuma daga bakin teku, saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa farashin kaye. An gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake gani bayan takunkumin 2023. Mai shago ba ya rasa dalilin da zai kawo.

An sayi na budurwar cif, an sayi na na tsakiya rabi, don yana ajin ƙarshe na firamare, sauran sai ƙarshen wata. Mai shekara 7 ta gaji jakar yayarta da allon yayanta. Da aka zo kan kayan babban, uwar ta tsaya tana juya kuɗin a hannu. Ɗiyar ta ce: «Inna, Yaya fa ya ce kada a saya masa.» Uwar ta ce: «Da ke ya yi maganar?» Ta sayi kaye biyu, ta sa a ƙasan kwando.

Shi kuwa uban, wannan ne lokacin cinikinsa na biyu bayan Sallah. Yadi ya taru a shago, na tufafin ƴan makarantun kuɗi da na ƴan koleji, yana taka keke har bayan lisha, in wuta ta ɗauke ya kunna fitila ya ci gaba. Na ƴaƴansa ne na ƙarshe a layi, kamar kowace shekara.

Wancan yaron

Babban bai ci jarrabawar BEPC ba a ƙarshen shekarar da ta wuce. Hanya biyu ce a gabansa a ganin iyayensa: ya maimaita aji, ko ya zauna shago. Shi kuwa yana ganin ta uku. A ƙauye ya tarar da sa'o'insa da suka dawo noma daga biɗa, wani daga Kano, wani daga Agadas, wani daga wuraren haƙar zinariya na arewa waɗanda suka ja samari dubbai tun da aka gano ta Jado a 2014. Ya ga agogo, ya ga salula mai faɗin tafin hannu, ya ga wanda ya sayi babur. Waɗanda suka dawo hannu wofi ba su zama a dandali, waɗanda ba su dawo ba kuwa ba a ganinsu. Da zarar an ɗaure dami na ƙarshe za su koma, kuma sun ce akwai wuri a mota.

Tun da ya dawo birni, dare yake kaiwa a fada, inda samarin layi suke zama bisa benci suna dafa shayi. A nan ake kawo hujjar da ta fi damun iyaye, domin tana da ƙamshin gaskiya: ga wane da digirinsa yana kabu-kabu, ga wane ya yi shekaru yana koyarwa da kwantaragi bai iya yin aure ba, to mene ne amfanin zama aji da ƙannen bayanka? Uban ya ji wannan magana ta bakin wani maƙwabci. Bai yi faɗa ba. Ya kira yaron shago da hantsi, ya ba shi almakashi ya riƙe, ya ba shi nasa labarin. Shi ma ya kai koleji. Zamaninsu ne na yajin aikin malamai da na ƴan makaranta, har aka yi shekarar da aka soke ɗungum. Sai ga 12 ga Janairu 1994, aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, mahaifinsa ya ce ba zai iya ba. Ya tafi Kano da niyyar wata uku, ya yi shekara shida, ya dawo da keken ɗinki da ciwon baya. Ya ce: «Ban ce takarda za ta ba ka aiki ba. Amma ni duk ranar da aka kawo kwangilar ɗinki mai takarda, wani nake nema ya karanta mini, shi ya ci rabi.» Yaron ya ce: «Baba, ai ni na iya karatu.» Uban ya ce: «Ka iya. Shekara ɗaya nake roƙo.»

Tsoron uwar dabam ne, kuma yana da rana. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, wajen Ɗan Isa, kusa da iyaka, mutum aƙalla 18 suka mutu. Ba nisa ba ne, ba Jado ba ce, a nan ƙofar Maraɗi ne. Ta je gaisuwa a wani gida na layinsu a wancan mako. Amma ba za ta iya zaunar da ɗan fari ta gaya masa haka ba. Kunya ta hana. Abin da take yi shi ne ta ajiye masa tuwo a rufe ko da ƙarfe nawa zai shigo, kuma ba ta barci sai ta ji ƙarar ƙyaure. Sa'an nan ta aika a kira ƙanenta, kawun yaron, mai gyaran babura, wanda yake iya faɗa masa abin da ita ba za ta iya ba. Kawu da ɗa suka yi doguwar magana a bayan gida, ba wanda ya ji abin da suka ce.

Goron da gwaggo ta kawo

Kaka lokacin aure ce. In rumbu ya cika, aka sayar da wake da gujiya, sai masu nema su motsa. Mako ɗaya kafin komawa makaranta, yayar maigida ta iso daga ƙauye da ƙullin goro a cikin kwanonta. Bayan an ci an sha ta ce wani ɗan gidan mutunci, mai shago a Tibiri, ya ga yarinya lokacin hutu, iyayensa sun yi magana da tsoho, tsoho ya ce a tambayi ubanta.

Gwaggo ba muguwa ba ce, kuma bai kamata mai karatu ya ɗauke ta haka ba. An yi mata aure tana da shekara 14, ta haifi tara, ta ga jikoki. Hujjojinta na mai son yarinya ne: ta girma, hanyar koleji da nisa, gari ya lalace, in wani abu ya faru wa zai ɗauki kunyar? Kuma mijin kirki ba kullum yake zuwa ba. Irin wannan tunani shi ne ya sa binciken ƙasa na 2012 ya samu cewa mata uku cikin huɗu a Nijar an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihar Maraɗi tana cikin na gaba. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴa mace har zuwa shekara 16, amma doka ba ta zama a tsakar gida lokacin da yaya take magana da ƙanenta.

Yarinyar tana ɗaki, tana jin komai ta labule. Ita ce mai ƙoƙarin gidan, ba ta taɓa maimaita aji ba, kuma ta taɓa gaya wa uwarta, suna tsinkar zogale, cewa ungozomar asibiti take so ta zama. Uwar ba ta sa baki gaban gwaggo ba, don ba hurumin matar ƙane ba ne. Ta jira dare. Abin da ta ce wa mijinta gajere ne: «Malam, duk gidan nan ita take karanta mana takardar magani. In ka ba da ita, ka ba da idona.» Ta ƙara da cewa kuɗin kayen da aka saya nata ne, na awara, kuma ba a mayarwa.

Da safe maigida ya ce wa yayarsa: «Yaya, a gaya wa Baba na ji, na kuma gode. A ba ni shekara biyu ta yi jarrabawa. In yaron mai haƙuri ne, ga ta nan.» Gwaggo ta ce shekara biyu ba kwana biyu ba ce, kuma ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Ta tafi ba ta ci kalaci ba. Ta bar goron a bisa tabarma, wato maganar ba ta mutu ba. Maigida ya raba shi ga abokan shago.

Ajin da yake jiran girbi

Saura mai shekara 7, wadda za ta shiga aji na biyu. Makarantarsu tana da azuzuwa na siminti, amma ba su isa ba, don a unguwannin bakin gari yara sun fi gini saurin yawa. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Sauran azuzuwan rumfunan kara da zana ne, waɗanda ake rushewa in damana ta zo a sake kafawa in ta wuce. Hukumomi da kansu sun ƙiyasta irinsu kimanin 36,000 a faɗin ƙasa a 2021. Ga inda matsalar take: ba a samun kara sai an yi girbi. Saboda haka ko an yi shelar buɗe makarantu a rediyo, ɗan ajin rumfa yakan yi makonni yana jira, sa'an nan ruwan farko na watan biyar ko na shida ya kore shi kafin shekara ta cika. Shekararsa ta karatu gajera ce ta kai da ta gindi.

Iyayen Maraɗi ba su kallon rumfar kara kamar da. Washegarin ruftawar Garin Liman, ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021, wuta ta kama irin waɗannan azuzuwa a wata makarantar firamare cikin birnin, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara biyar da shida. Watanni bakwai kafin nan, a watan Afrilu, kimanin 20 sun rasu haka a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Bayan gobarar Maraɗi majalisar ministoci ta hana sa ƴan rainon yara cikin rumfuna, an kuma yi gine-gine a wurare da dama, amma na firamare da yawa suna nan. Ruwa ma yana da nasa. A 2024, bayan ambaliyar da ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasa, wadda a Maraɗi kaɗai ruwan 30 ga Agusta ya ci rayuka aƙalla 15, sai da aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma waɗanda gidajensu suka rushe ne suke kwana a ciki.

Uwar gidan ta je da kanta ta ga inda za a kafa rumfar. Ta duba nisanta da masu tuya na bakin makaranta, ta tambayi ƙofa nawa za a yi mata. Daraktan ya ce biyu. Ta ce wa ɗiyarta, in an fara, ta zauna kusa da ƙofa ko da mushe ya ce ta matsa.

Ranar komawa

Daren ranar uban bai dawo ba sai tsakar dare, da tufafi uku a hannu, zare yana reto a jikin na ƙarshe. An tashi tun asuba. Ruwan pampo bai zo ba, sai da aka tsayar da mai ga-ruwa. Na tsakiya ya sa sabon takalmin roba ya ce yana cizonsa. Budurwar ta goge hijabinta da dutsen guga na gawayi, ta jera kayenta, ta rubuta sunanta a kowane ɗaya da jan biki. Uwar ta ƙulla wa kowa awara a leda, ta ba su dala ashirin ashirin. Auta ya ɗauki murfin tukunya ya rataya tsumma a kafaɗa ya ce shi ma lakol za shi, aka yi rigima kafin a raba shi da ƙofa.

Babban shi ne ya fito ƙarshe. Bai ɗauki jaka ba. Ya tsaya bakin kwandon da yake rataye a rumfa, ya zaro kaye ɗaya cikin biyun nan, ya naɗe shi ya soka a aljihun baya. Ya ce: «Inna, sai na dawo.» Ta ce: «Allah ya tsare», idonta a kan kasko. An yi yarjejeniya da kawunsa: safe aji, marece garejin babura, har zuwa jarrabawa. Abokan tafiyarsa na ƙauye ba za su tashi ba sai an gama ɗaurin dami, wato saura kamar mako uku, kuma lambarsu tana cikin salular gidan.

Wajen ƙarfe tara mai shekara 7 ta dawo, allonta a hannu ba a rubuta komai ba. An rubuta sunayensu, an ce su koma gida sai an kafa rumfa, kuma kowane uba ya kawo dami ɗaya na kara ko kuɗinsa. Uwar ta sauke kasko, ta wanke hannu, ta ɗauki salula ta ba yarinyar ta nemo mata lambar ƙauye. Ta gaida surukinta, ta tambayi gona, ta tambayi gwaggo ko ta sauka lafiya. Sa'an nan ta roƙi a sa mata dami biyu na kara a motar Juma'a.